Wa Ke Kare Baƙo a Lokoja Kafin 1900?

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata-wata

 

Yau zan ɗan koma baya in ɗauko Lokoja, inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. A ƙarni na 19 garin kan iyaka ne, yana bakin ƙasar Nufe, tsallaken ruwa kuma ƙasar Igala. Wajajen 1860 wani likita Bature, Baikie, ya kafa zango a wurin da yardar Etsu Masaba na Bida. Fatake Hausawa da Nufawa da bayin da aka fansa suka taru. To, in an kwashe wa bafatake kaya, wa zai kai wa ƙara? Baikie ɗin nan dai, shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne mai gari. Ƙarfinsa kuwa na aro ne, muddin Masaba na bayansa. Ya tashi a 1864, ya rasu a Saliyo a shekarar, Ingila kuma ta rufe ofishin jakadancinta na garin a 1869. Baƙo ya koma neman wata inuwar.

Daga 1886 kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki, ya ɗauki dakarunsa, da yawansu Hausawa ne. Nan abin ya fi muni a ganina, domin wanda kuke gasar ciniki da shi, shi ke da bindiga, shi ke da kotu. Da dakarun nan aka tashi daga Lokoja aka ci Bida a 1897.

Jama'a, mu yau ba a inuwar mutum ɗaya muke zaune ba, a rubuce haƙƙinmu yake. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a ko'ina cikin ƙasar, na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wani. Saboda haka in an zo neman ɗanki, Hajiya, ba a same shi ba, babu dalilin tafiya da ke.

Duk wanda aka kama nasa, ya rubuta sunan caji ofis da ranar da sa'ar, ya kawo mana tun kafin a fara maganar kuɗin beli, domin belin 'yan sanda kyauta ne. Za mu karanta sassan nan da Hausa a ajin yaƙi da jahilci, bayan sallar Isha'i. Wassalam.