Jawabi Game da Haɗa Makarantar Garinmu da Intanet ta Hanyar Rediyon Sadarwa

 



Kwamitin ilimi ya ɗora mana nauyin yi muku bayanin aikin da aka yi da gudummawarku, wato haɗa ɗakin kwamfuta na makarantarmu da intanet ta hanyar wata na'ura da ake kira rediyon sadarwa. Mu ba injiniyoyi ba ne, alli da allo muka sani. To amma wanda ya ba da kuɗinsa yana da hakkin sanin abin da aka saya da yadda yake aiki, shi ya sa muka tsaya a kan masu aikin, muka yi ta tambaya har muka fahimta.

Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan a kan kwamfuta. Yaron da ya fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa, ko da ya fi kowa sani, lokaci zai ƙare masa yana neman inda zai danna. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ta kuma kai ƙauyuka da dama, amma sabis ɗin da ke isar mutum ya gaisa da ɗansa a Fatakwal ba ya isar aji guda su yi karatu a lokaci ɗaya. Jan wayar gilashi zuwa nan kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu. Abin da ya rage shi ne a ɗauko intanet ta iska daga inda yake da ƙarfi, wato hedikwatar ƙaramar hukuma, tazarar kusan kilomita 10. Ba mu ne farau ba, domin Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta kafa irin wannan hanya tun cikin shekarun 2000.

Rediyon ba irin na sauraron labarai ba ne, ko da yake asalinsu ɗaya. Wancan saurare kawai yake yi, wannan kuwa yana ji yana kuma magana. Biyu ake kafawa. Na can hedikwata shi ne uwa, shi ke shelar sunansa a iska. Namu na nan shi ne ɗa, aikinsa ya nemi uwar ya manne mata. Kafin ɗan ya samu karɓuwa, tilas a saita shi, kuma masu aikin sun nuna mana cewa a ƙasa ake yin wannan, kafin a hau turke, domin wanda ke rataye a sama ba ya da hannun riƙe kwamfuta.

Da farko ana haɗa rediyon da kwamfutar tafi-da-gidanka ta waya guda, wadda ke ɗauke da wutar lantarki da saƙo gaba ɗaya. Kowane rediyo yana fitowa daga masana'anta da lambar adireshi da kalmar sirri iri ɗaya da na 'yan uwansa. Alal misali, yawancin rediyoyin kamfanin Ubiquiti na irin wannan aiki suna zuwa da lamba 192.168.1.20. Sai a ba kwamfutar lamba maƙwabciyar wannan, a rubuta ta rediyon, shafin saiti ya buɗe. Abu na farko da zai tambaya shi ne ƙasar da ake ciki, domin kowace ƙasa tana da zangon da ta halatta da iyakar ƙarfin da ta yarda a watsa. A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ke da iko da wannan fanni. Nan take kuma ake canza kalmar sirrin masana'anta, saboda duk mai sana'ar ya san ta, barin ta kuwa kamar barin mabuɗi ne a jikin kwaɗo.

Daga nan sai a gaya wa rediyon matsayinsa, cewa shi ɗa ne ba uwa ba. Sai a sa shi ya lalubi iska, ya jero sunayen duk rediyoyin da yake ji, a zaɓi namu. Abubuwa huɗu ne dole su dace tsakanin uwa da ɗa: suna, da zango, da faɗin hanya, da kalmar sirrin shiga. Dattawan da ke nan za su tuna yadda muke murɗa akwatin rediyo muna neman BBC a gajeren zango. In ka kauce kaɗan sai shuu kawai. To haka yake a nan, sai dai zangon namu gigahaz 5 ne. Harafi ɗaya in ya saɓa a kalmar sirri, ko an rubuta babba a madadin ƙarami, rediyon zai ga uwarsa amma ba za ta buɗe masa ƙofa ba. A ƙarshe sai a ba shi sabuwar lambar adireshi wadda babu wata na'ura mai irinta a kan layin, domin gida biyu masu lamba ɗaya su kan rikitar da masinja.

Sashe na biyu shi ne na hawa sama, kuma a nan ne kuɗinku suka fi tafiya. Wannan zango ba ya ratsa tudu ko gini, ganyen itace ma yana rage masa ƙarfi ƙwarai, don haka tilas faranti biyun su ga juna. Ganin ma bai tsaya ga zare ɗaya miƙaƙƙe ba, domin saƙon yana kumbura a tsakiyar hanya kamar ƙwai. A tazarar kilomita 10, kumburin yana kaiwa mita 11 zuwa 12 daga tsakiyar layin, kuma ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan fili ya zama babu abin da ya shiga cikinsa, wato kimanin mita 7 sama da kan itace mafi tsawo. Ƙari a kan haka, doron ƙasa kansa yana ɗagowa da kusan mita 2 a tsakiya saboda lanƙwasar duniya. Waɗanda suka yi mamakin tsawon turken da aka kafa, ga amsarsu.

Akwai kuma abin da manomi ya fi injiniya sani. Kuka tana zubar da ganye da rani ta cika da damina, gawo kuwa akasin haka yake yi. Wanda ya auna hanya a watan Maris ya ga fili tas, yana iya tarar da katangar ganye a watan Agusta. Saboda haka sai da aka zagaya da mutanen da suka san kowace bishiya da ke kan layin kafin a tsayar da wurin turke.

Bayan an ɗaure farantin, mutum ɗaya yana sama yana juya shi a hankali, dama da hagu, sannan sama da ƙasa, wani kuma yana ƙasa yana karanto lambar ƙarfin sigina. Lambar tana da alamar debewa a gabanta, don haka ƙarama ita ce babba: -60 ta fi -80, kuma bambancin da ke tsakaninsu ninki ɗari ne. Da an samu mafi kyau sai a ɗaure ƙusoshi tamau, a rufe bakin waya kada ruwa ya shiga, a kuma ja wayar tagulla daga turken zuwa cikin ƙasa domin tsawa ta bi ta can maimakon ta bi ta cikin na'urori.

Ya ku 'yan uwa, yanzu mun zo kan abin da ya fi damun mu. Mun ga rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda roba guda, mun ga injin asibiti da ya zama mazaunin ƙadangaru. A wani gari da ba za mu ambata ba, ɗan kwangila ya kafa irin wannan rediyo ya tafi da kalmar sirri a kansa. Da iskar farkon damina ta karkatar da farantin, aka rasa mai iya buɗe shafin saiti. Wani ya danne maɓallin mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, duk saitin ya goge, aikin ya kwanta ke nan. Gani ga wane ya ishe wane tsoron Allah.

Saboda haka kwamiti yana gabatar muku da buƙatu huɗu. Na ɗaya, a rubuta dukkan saitin da kalmomin sirri a littafi, kwafi ɗaya a ofishin makaranta, ɗaya a hannun sakataren ƙungiya, a kuma adana shi a kwamfuta. Na biyu, a ɗauki nauyin horar da matasa biyu ko uku mazauna gari, a haɗa musu da igiyar ɗamara da hular kwano, domin ran yaro ɗaya ya fi dukkan na'urorin daraja. Na uku, a ware kaso na dindindin daga kuɗin shekara domin biyan kuɗin layi da canjin batiran sola, waɗanda ke da iyakar kwana kamar kowane abu. Na huɗu, 'ya'yanmu da suka karanci wannan fanni, kuma mun san kuna cikin wannan zaure, ku riƙa leƙa ɗakin nan duk lokacin da kuka zo sallah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.