Murucin Bisa: Baƙon da Ba Ya Cin Abincin Mai Gida



Tsiron da za mu tattauna a kansa yau, da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ƙarƙashinsa ba mu ɗaga kai ba. In ma mun ɗaga, sai mu ce kauci ne, mu yi gaba. To, ba kauci ba ne. Masana tsirrai suna kiransa Ansellia africana, ɗaya daga cikin dangin furannin okid. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya same shi da suna biyu, watau murucin bisa da manta uwa. Na farkon ya fi burge mu. Hausawa sun ce murucin kan dutse bai fito ba sai da ya shirya, to ina ga wanda ya fito a bisa itace, inda babu ko ƙwayar ƙasa?

Sunan Turawa kuwa ya samo asali ne daga John Ansell, wani ma'aikacin lambu da ke cikin ayarin jiragen ruwan da Ingila ta aiko Kogin Kwara a 1841, ayarin nan da zazzaɓi ya yi wa ɓarna. A tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, Ansell ya gan shi a jikin kwakwar manja, kuma a 1844 John Lindley ya raɗa wa tsiron sunansa. A cikin wannan ayari ne har ila yau Schön ya zo, wanda daga baya ya yi ta rubuce-rubuce a kan Hausa.

Bambancinsa da kauci shi ne ginshiƙin maganarmu. Kauci yakan huda reshe ya tsotsi ruwan jikin itacen, har ya kassara shi. Murucin bisa kuwa masauki kaɗai yake nema, abincinsa da kansa yake samu. Saiwoyinsa iri biyu ne. Akwai masu kauri, farare, waɗanda ke manne wa ɓawon itace, an lulluɓe su da wata fata mai kama da soso, wadda ke shanye ruwan sama da raɓa nan da nan. Sa'an nan akwai sirara masu tsini, waɗanda maimakon su nufi ƙasa kamar saiwar kowane tsiro, sai su miƙe sama, su yi cincirindo kamar kwando. Busasshen ganye da ƙura da kashin tsuntsaye duk nan suke faɗawa, su ruɓe, su zama taki. Watau tsiron da kansa yake saƙa kwandon da zai tara juji a cikin iska. Jikinsa kuma dogayen karare ne masu gaɓoɓi kamar rake, a cikinsu yake ajiye ruwan da zai kai shi ƙarshen rani. Cikin ranin ne yake fitar da furanni masu ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon ja mai duhu, shi ya sa Turawa suke kwatanta shi da damisa.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya san rabin yadda ake renonsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa shi cikin ƙasar lambu, a yi ta ɗura masa ruwa don ƙauna, kafin a ankara saiwoyin sun shaƙe sun ruɓe. Abin da yake so shi ne kwando ko tukunyar ƙasa mai huji da yawa, a cika da gawayi da ɓawon itace da tsingaro, ko kuwa a ɗaure shi a gwafar itace mai rai har ya kama. A ba shi haske sosai, amma a kare shi daga zafin tsakar rana. Lokacin da yake tofo a shayar da shi da kyau, a bari ya tsane kafin a ƙara. In rani ya shigo a rage hannu, domin wannan hutu ne ke jawo fure. In za a raba shi, kada a yanki ƙasa da kara uku ko huɗu a haɗe.

Inda wahala take shi ne iri. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, ba ta ɗauke da guzurin abinci irin na gero ko wake. Ba za ta tsira ba sai ta faɗa inda wata irin fumfuna take, wadda za ta ciyar da ita. Noël Bernard na Faransa ne ya gano wannan dangantaka a 1899, kuma a 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna ana iya tsirar da irin okid cikin kwalba da sukari da gishirin ma'adinai. A daji kuwa, cikin dubban ƙwayoyi kaɗan ne ke dacewa, kuma wanda ya dace sai ya yi shekaru kafin ya yi fure.

Saboda haka babban tsirin da muka gani a kan giginya aikin shekaru masu yawa ne, alhali kuwa mai neman magani ko mai sayar da furanni da sara ɗaya yake sauko da shi, mai gatari kuma ya kayar da itacen da baƙonsa gaba ɗaya. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ido a kan fataucin okid tsakanin ƙasashe, amma ba ta tsare giginyar da ke bayan gari. A ganinmu, aikin da ya hau kan ɗaliban ilmin tsirrai da ma'aikatan gandun daji da ke zauren nan shi ne, duk inda aka sare itace mai ɗauke da shi, a ɓamɓare shi da saiwoyinsa, a ɗaure a wani itacen kafin rana ta ƙona shi, a kuma rubuta wurin da ranar da irin itacen da aka same shi a kai.