Daga Tsibiri Zuwa Tsibiri A Jirgin Fito: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya ce in zo in ba da labarin hutun da na yi a ƙasar Girka, sai da na yi dariya. Ni da duk kuka sani ban iya iyo ba, ruwan da na taɓa gani mafi girma shi ne na madatsar Tiga, wai yau ni zan yi bayanin teku. To, amma tunda malaminmu na labarin ƙasa yana zaune a nan, in na yi kure sai ya gyara mini, kamar yadda ya saba.

A watan Agusta na 2023 na ɗauki hutuna na shekara, na haɗa da ɗan abin da na daɗe ina tarawa, na sauka Atina, babban birnin Girka. Ƙasar tana da tsibirai kimanin 6,000 a Bahar Rum, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu 227 ne kawai. Mafi yawan jiragen ruwan da ke zuwa tsibiran suna tashi ne daga Fireyus, babbar tashar da ke gefen Atina.

Kada ku ji an ce jirgin fito ku zaci irin kwalekwalen da muka sani ne. Wannan jirgi bene ne hawa-hawa. Manyan motocin kaya da ƙananan motoci suna shiga cikinsa ta ƙofar baya, mutane kuma su hau sama. Mun tashi da sassafe, bayan kamar awa huɗu muka isa tsibirin Faros, wanda ya yi suna tun zamanin da saboda farin dutsensa na marmara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauri. Jirgi na matsowa sai a sauke ƙofar baya, masu sauka su sauka, masu shiga su shiga, cikin 'yan mintoci an ɗaga. Wanda ya tsaya dogon sallama, sai dai ya ɗaga wa jirgi hannu.

Daga Faros na wuce Naksos, wanda ya fi duk tsibiran wannan rukuni girma. Daga can na je Santorini, inda fararen gidaje ke jere a bakin wani tsauni mai tsayi. Dutse mai aman wuta ne ya fashe a wurin kimanin shekara 3,600 da suka wuce, ruwan teku ya cike ramin da ya bari, kuma a cikin wannan rami jirgi ke bi ya kai ka tasha. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai tsada da cunkoson baƙi sun sa kwana biyu kawai na yi na koma Naksos.

Yanzu ga inda labarin yake. Saura kwana biyar in koma gida, sai na ce bari in leƙa wani ɗan tsibiri gabas da Naksos, mai suna Donusa, wanda mutanensa ba su kai 300 ba. Niyyata in kwana ɗaya in dawo. Ashe ban yi shawara da iska ba. Akwai wata iska da ke busowa daga arewa a watannin Yuli da Agusta, suna kiran ta meltemi. Kamar hunturunmu take, sai dai ita ba ƙura take tayarwa ba, igiyar ruwa take tayarwa. Idan ta yi tsanani, hukumar tashoshi kan hana jirage tashi. Haka kuwa aka yi, gari ya waye babu jirgi.

Jama'a, hankalina ya tashi. Tikitin jirgin sama na hannuna, hutu ya kusa ƙarewa, ku kuwa ma'aikata 'yan uwana kun san takardar tuhuma ba ta san iska ba. Ina ta kai da kawowa a bakin tasha ina duba agogo, mutanen gari kuwa ko a jikinsu. Mai gidan da na sauka ya ce mini in zauna in sha gahawa, jirgi zai zo ran da teku ya yarda.

A wannan zama na kwana biyu na gane abin da ban gane ba a duk tafiyar. Ni jirgin nan abin shaƙatawa na ɗauke shi, su kuwa shi ne titinsu. Ranar da ya dawo, kusan duk gari ya fito tasha. Na ga ana sauke buhunan fulawa, da tukwanen gas, da kwalayen magani, da wasiƙu. Na ga wani dattijo da ya kwana biyu yana jiran ya je ganin likita a Naksos. Na tambaya, yaya jirgi ke cin riba a wurin da mutane ba su da yawa haka, musamman lokacin sanyi da baƙi suka watse? Aka ce mini ba don riba yake zuwa ba. Gwamnatin Girka ce ke biyan kamfanonin jirage tallafi don su riƙa bin irin waɗannan hanyoyi, har suna da suna na musamman a harshensu, wato hanyoyin da ba sa haifar da riba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a ofis sau nawa muke ture takardar wani ƙauye gefe, muna cewa mutanensa kaɗan ne, aikin ba zai biya kansa ba? Tun da na dawo, in irin wannan takarda ta zo teburina, sai na tuna da dattijon nan a bakin tasha.

Ga mai niyyar irin wannan tafiya, shawarata uku ce. Ka koma Atina aƙalla kwana biyu kafin ranar tashinka. Ka zaɓi babban jirgi mai tafiya a hankali, ya fi ƙananan masu gudu araha, ya kuma fi su jure igiyar ruwa. Sannan ka riƙe maganin jiri a aljihu. Ni dai da ƙyar na riski jirgina, jiri bai gama sakina ba.

Malam, ina fatan ban yi kure da yawa ba.