Mutumin da sunansa ya koma jadawali

Yau zan ba ku labarin wani tsohon littafin lissafi na Faransa da na zauna na duba hotunan shafukansa a intanet. Shafi bayan shafi lambobi ne a jere, amma har dare ya raba ban iya rufe shi ba.

Marubucinsa shi ne François Barrême, wanda aka haifa a 1638, ya rasu a Faris a 1703, zamanin Sarki Luwi na 14. Sunan littafin "Comptes faits", wato lissafin da aka riga aka gama.

To, me ya sa ɗan kasuwa zai sayi lissafin da wani ya yi masa? Ku saurari yadda kuɗinsu yake. Liba ɗaya sol 20 ce, sol ɗaya kuma diniye 12. Dattawanmu a Najeriya sun san wannan tsarin sarai, domin kafin naira ta zo a 1973, fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12.

Bari mu gwada. Mai yadi ya sayar da awo 37, kowane awo a kan liba 3 da sol 7 da diniye 6. Libobin dai sun zama 111. Sol 7 sau 37 ya ba da 259. Diniye 6 sau 37 ya ba da 222, wato sol 18 da ragowar diniye 6. Ka haɗa, sol 277 ke nan, wato liba 13 da sol 17. Jimla liba 124 da sol 17 da diniye 6. Ni kaina sai da na ɗauko biro da takarda. Yanzu ka ɗauka kana tsaye a kasuwa, mai saye na gaggawa, kai kuma karatunka bai yi nisa ba. Kuskuren sol ɗaya a kowane awo, an kwashe maka kusan liba 2 ba ka sani ba.

Abin da Barrême ya yi shi ne ya ware wa kowane farashi shafinsa. Ka buɗe shafin farashinka, ka bi layi da yatsa zuwa adadin kayanka, sai ga jimla a gabanka. Mai saye ma yana iya leƙawa ya gani, gardama ta ƙare. An yi ta sake buga littafin fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa.

A 1795 Faransa ta koma kan faran, mai lissafin goma-goma, aikin ya yi sauƙi. Amma sunan mutumin bai ɓace ba. Har yau Faransanci na kiran jadawalin farashi, ko na haraji, ko na rabon maki "barème". 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko sun sha jin kalmar a bakin malamai ranar jarrabawa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wanda ya dogara da jadawalin kaɗai, in maɗaba'a ta yi kuskuren lamba ɗaya, ba shi da hanyar ganewa. Haka muke yau da kalkuleta a waya. Shi ya sa nake cewa, kafin ka danna, fara ƙiyasta amsar a ka: 37 sau 3 ya haura 110, don haka in aka ce maka 90, ka san da gyara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.