Ƙulli a Jikin Itacen Baka

Yau za mu yi magana a kan sassaƙar baka, da abin da ya fi karya ta, watau ƙulli.

Mene ne ƙulli? Shi ne gurbin da reshe ya taɓa fitowa a jikin itace. In mun ɓare rake, mukan ga zaruruwa sun miƙe daga gindi zuwa sama. To, itace ma haka yake. Amma in zaruruwan nan suka iso wurin reshe, sai su kewaye shi, kamar yadda ruwa ke kewaye dutse. Ƙarfin baka duka a cikin zaruruwan nan yake. Wanda ya yanke su, ya yanke ƙarfin bakarsa.

Aikin yana farawa tun daga daji. Mu zaɓi sanda miƙaƙƙiya, ta ɗunɗu ko ta dargaza, wadda ba ta da rassa da yawa. Mu ajiye ta a inuwa wata da watanni har ta bushe. In muka shanya ta a rana, sai ta tsattsage, kuma tsagewar takan soma daga bakin ƙulli.

Baka tana da baya, tana da ciki. Baya shi ne gefen da ke duban nama. Ciki shi ne gefen da ke duban maharbi. Sa'ad da muka ja tsarkiya, baya yana miƙewa, ciki yana matsewa. Saboda haka ƙullin da ke baya ya fi haɗari. Kada mu daddatse shi da gizago don mu ga baka ta yi sumul. Mu bar shi da ɗan tudunsa, mu bi zaren itace yadda ya kewaya. Mu bar masa kauri kaɗan dama da hagu. Gara baka mai ƙusumbi da baka karyayya.

Ƙulli iri biyu ne. Akwai mai rai, wanda ya manne da jikin itace gam. Wannan mu ƙyale shi. Akwai matacce, baƙi, wanda ke motsi in mun taɓa shi da bakin wuƙa. Wannan mu ƙwaƙule ruɓar, mu fiƙe ɗan tsinken itace mai tauri, mu cusa a ramin. Sa'an nan mu naɗe wurin da ɗanyar fata ko jijiya. In ta bushe, sai ta ƙara ɗamewa. In kuwa ƙullin babba ne, mu auna sandar yadda zai faɗo a tsakiya, wurin riƙo, inda baka ba ta lanƙwasa sosai.

Wajen gwaji, kada mu ja tsarkiya gaba ɗaya. Mu ja kaɗan, mu duba. Inda ya yi tauri, mu kankare daga ciki, ban da baya. Wurin ƙulli kuwa, gara ya fi sauran jiki tauri kaɗan. In mun ji ƙas, mu tsaya, itace ne ke yi mana gargaɗi. Bakar da ta karye a hannu tana iya tashi da tsiyayar ido, ta bar mutum da nakasa.

In mun gama, mu shafe ta da man kaɗanya, mu kwance tsarkiya kafin mu rataye ta. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a.