Sabuwar Angurya da Tsohuwar Cuta a Gonakin Jazira

Ya ku malamai da dattawa da masu hawasha, wato masu gonakin haya, na Mai Wurno da ƙauyukan da ke bakin Shuɗin Nilu, Allah ya ƙara muku daraja.

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce: tun da hukumar Sudan ta halatta shuka audugar da aka sanya wa baƙuwar ƙwayar gado a shekarar 1433 ta Hijira, wato 2012, shin wannan ƙwaya tana iya fita daga jikin shukar ta shiga ƙwayoyin bakteriya masu cutar da amfanin gona, har su ƙara ƙarfi? Tambayar tana da hujja, domin jama'ar da kakanninta suka yi hijira daga Burmi bayan 1903, suka riski gina madatsar Sennar da buɗe noman Jazira a 1925, ba ta manta ɓarnar da cutar baƙin kara ta yi wa auduga a farkon shekarun nan ba, cutar da bakteriya ce ke haddasa ta, tana ɓuya cikin angurya da busasshen kara, ruwan sama mai iska yana watsa ta.

Haƙiƙa bakteriya suna karɓar gado daga junansu ba tare da haihuwa ba, wasunsu kuma suna tsintarsa daga ruɓaɓɓen ganye. Abin al'ajabi ma, a 2015 masana sun gano cewa dankalin da muke ci yana ɗauke da gadon wata bakteriyar ƙasa tun zamani mai nisa, ba da hannun ɗan Adam ba. Sai dai hanyar da ta taso daga shuka zuwa bakteriya ƙunci gare ta ƙwarai, domin dole gadon ya tsira daga ruɓewa, ya dace da bakteriyar da ke shirye ta karɓe shi, ya sami gurbi mai kama da shi a cikinta, sannan ya amfane ta, in ba haka ba ta yar da shi. Masu bincike a Switzerland sun jarraba wannan a 1995 da dankalin Turawa da bakteriyar da ke ruɓar da shi, suka tarar yiwuwarsa ta yi ƙaranci har ba ta kai a ambata ba. Inda aka ga ya auku kuwa, a ɗakin gwaji ne, bayan an share wa bakteriyar hanya da gangan. Daɗin daɗawa, ƙwayar da aka sanya wa audugar don kashe tsutsar ƙwallon auduga daga bakteriyar ƙasa aka ciro ta, wadda ake haɗawa da ita don alama kuwa, mai jure maganin kanamaisin, ita ma daga bakteriya aka ciro ta. Ƙasar hawasharku cike take da danginsu tun kafin a kawo wannan irin auduga na ƙasar Sin.

Saboda haka hukuncina shi ne, abin mai yiwuwa ne a aƙalce, nadiri ne a aikace, kuma tsoronsa ya ɗauke hankalinmu daga haɗarin da ke kusa. Wannan auduga tsutsa kaɗai take kashewa. Ba ta da tasiri a kan ƙwarin da ke tsotson ganye, balle baƙin kara, wanda masana irin su Knight suka ɓata shekaru suna auratayya tsakanin ire-iren auduga kafin su sami masu jure shi. Iri baƙo bai gaji wannan juriya don kawai an ƙera shi ba, angurya kuwa da aka saya a kasuwa babu shaida tana iya shigo da cutar cikin buhu.

Ina roƙonku ku tambayi Hukumar Binciken Noma ta Wad Madani ko irin da ake ba ku yana jure baƙin kara, ku ƙi anguryar da ba ta da shaida, ku tumɓuke kara ku ƙone bayan tsinka kamar yadda dokar noman Jazira ta tanada tun da.