Jawabin Sakatare A Taron Ido Da Ido Na 'Yan Zaurenmu A Yelwa, Jalingo

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, masu unguwanni, iyayenmu mata, matasa da sauran 'yan'uwa, barkanmu da isowa. Muna yi wa waɗanda suka taso daga Wukari da Bali da Mutum Biyu sannu da hanya, musamman mutanen Gembu da suka gangaro daga kan tsaunin Mambila.

Yawancinmu da ke ƙarƙashin wannan rumfa mun daɗe muna gaisawa a zaurenmu na WhatsApp, muna yi wa juna barka da ta'aziyya, amma sai yau Asabar muka ga fuskokin juna. Akwai wanda muke jin muryarsa muna zaton dattijo ne mai furfura, ashe ko aure bai yi ba. To, ba don cin tuwo kawai shugabanni suka kira wannan zama na kwana biyu ba. Dalili shi ne, koke-koken da ake turowa a waya sun yi yawa, kuma babu ko ɗaya da za mu iya ɗauka mu kai gaban hukuma. Saƙon murya ba ya sa hannu a takarda, ba ya tsayawa shaida, kuma idan an tambaye mu wa abin ya faru da shi, a wace rana, a wane ofis, sai mu yi shiru.

Kusan duk koken a kan abu ɗaya yake, wato takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Yaro an haife shi a nan, ubansa ma a nan aka binne cibiyarsa, amma ranar da zai nemi aikin soja ko ɗan sanda, ko tallafin karatu, sai a ce ya koma garin kakansa ya karɓo. Idan ya je Kano ko Katsina, mai unguwar can ya ce bai san shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Yaro ya zama jemage ke nan, ba ya tsuntsu ba ya dabba.

Ya kamata kowane magidanci ya san abin da doka ta ce, don kada mu riƙa faɗa a inda ba mu da ƙafa, mu bar inda muke da ita. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Waɗannan namu ne, babu mai yi mana alfarma da su. Amma kundin nan dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar, sai bai fayyace yadda mutum zai zama ɗan asali ba. Hukumar Raba Daidai da aka kafa a 1996 ita ma da asali take rabon guraben aikin tarayya. Saboda haka alƙalami ya koma hannun ƙananan hukumomi, kowace da yadda take yi. A nan gizo ke saƙar.

An sha ƙoƙarin gyara. Ko a 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba mutum asalin jiha idan a can aka haife shi, ko ya yi shekara 10 yana zaune, ko ta hanyar aure. Surutu ya yi yawa, ya janye shi a watan Yuli na shekarar. Don haka wanda ya turo muku saƙo cewa wannan doka ta fara aiki, ku ce masa ba haka ba ne.

Wannan ya kawo mu kan jita-jita, kuma a nan za mu ɗan ja kunnen juna. Mun ga abin da rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo a Jos a watan Satumba na 2001, da Yelwan Shendam, takwarar wannan unguwa tamu, a watan Mayu na 2004, har Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci a jihar Filato. A jiharmu ma mutanen Wukari da ke zaune a nan ba sai an ba su labarin 2013 ba. A wancan lokaci jita-jita da ƙafa take tafiya, yanzu kuwa kafin a idar da sallah ta zaga jiha. Duk wanda ya tura hoton gawa bai san na ina ba ne, ko ya zagi wata ƙabila a zaure, ya sani wuta yake hurawa a rufin gidansa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana iya hawa kansa. Mu da Kona da Mumuye da Fulani da sauran maƙwabta kasuwa ɗaya muke ci. Ba mu zo neman sarautar kowa ba, ba ma jayayya da tarihin kowa. Tun kafin a cire Taraba daga Gongola a ranar 27 ga Agusta 1991 iyayenmu ke biyan haraji a garin nan, abin da muke nema shi ne a duba 'ya'yanmu da ido ɗaya da na kowa.

Wani abu kuma, mun ji ana tallar masu yin indijin ta bayan fage a kan kuɗi. Don Allah kada uba ya saya wa ɗansa. Takardar jabu ta kan yi barci shekaru, sai yaro ya kama aiki ya yi iyali a zo tantancewa, a kore shi, wani lokaci har da kotu, sannan a shafa wa sauranmu kashin kaji.

Ga abin da za mu yi gobe Lahadi in Allah ya kai mu. Bayan ƙarfe 9 na safe za a ajiye tebura a nan. Duk gidan da aka hana ɗansa takarda, ko aka ƙi karɓar tasa, ya zo da yaron da kansa, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da shaidar firamare, da rasit na haraji ko na fili komai tsufansa. Za a rubuta suna da rana da abin da aka gaya masa, ya sa hannu. Da wannan rajista ce dattawanmu za su nemi zama da shugabannin ƙaramar hukuma cikin mutunci, idan ta ƙi kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a. Wanda ya canja unguwa ya faɗa, a nuna masa yadda ake mayar da katin zaɓe rumfar da ke kusa da shi.

Iyayenmu mata, ku ne ke riƙe da takardun nan a ƙasan akwati, a fito da su. Wanda ba ya karatu kada ya ji kunya, da yawanmu da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma za a buɗe rajistar sabon aji a tebur na ƙarshe. Baƙinmu na nesa su ga ma'aji bayan la'asar don a raba musu masauki.

Allah ya zaunar da jiharmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.